Ƙunshin da Na Bari Sai Ƙarshe

Waziriyya, Jidda
Ranar Talata, bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Faisal,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka buɗe ta. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka a tudu da kan ruwa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo mana da kai cikin aminci.

Na ba mahaifiyarka takardar ta sa maka a aljihun jakar goyon nan taka, na kuma roƙe ta kada ta gaya maka sai kun isa filin jirgi. Da gangan na rubuta da Hausa. Idan na yi maka magana da Larabci, kafin in dasa aya ka tanadi amsa uku. Da Hausa kuwa dole ka bi ta a hankali, kalma bayan kalma, kuma haka nake so. Inda wata kalma ta shige maka duhu ka tambayi mahaifiyarka, ta fi ni sanin harshen, kamar yadda take tuna mini lokaci zuwa lokaci.

Ka sani tun farko, ban rubuta don in hana ka tafiya ba. Na ba ka izini da bakina, kuma raina fari ne. Shekara biyu ina kallonka kana fita Abhur tun da sassafe kana koya wa baƙi nitso a teku, kana dawowa da gishiri a gashin kanka, kana hana kanka abubuwan da samari irinka ba sa hana kansu, duk saboda wannan tafiya. Jiya na wuce ƙofar ɗakinka na ga kayanka a shimfiɗe kan gado: riguna uku, wando biyu, gilashin nitso, ƙaramar darduma, da takalmin hawan dutse wanda ya fi sauran duka nauyi. Na daɗe a tsaye ina dubawa. Kakanka ya taso daga Damagaram a ƙafa da gafakar da ba ta kai rabin jakarka ba, ya ratsa Cadi da Sudan, yana yi wa mutane noma yana ƙara gaba, har ya haye teku ya sauka a wannan gari. Ba ni da bakin da zan ce jikansa kada ya goya jaka.

A masallacin unguwa dattawa sun tambaye ni abin da zai kai ka tsibiran Komoros, ciniki ne, ko karatu, ko kuwa wata ka gano a can. Na ce musu ba ko ɗaya. Zai je ya ga ƙasar Allah ne, ya hau dutsen nan mai aman wuta, ya ga kunkurun teku suna fitowa yin ƙwai a rairayi, ya kwana inda ya fi araha, ya motsa Faransancin da uwarsa ta koya masa. Wani daga cikinsu ya ce lallai yaran yanzu sun ƙoshi. Ban yi masa musu ba. A zuciyata gode wa Allah na yi da ya nuna mini ranar da wani daga zuriyarmu zai yi doguwar tafiya ba yunwa ce ta kore shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takardar da ka manna a ƙofar firji, wadda ka jera kwanakin tafiyarka a kai. Sau biyu na karanta ta. Kafilinka, mai ɗauke da nauyin zamanka a ƙasar nan, ya fitar maka da bizar fita da dawowa ta kwana sittin. Tikitinka na dawowa ya faɗa a rana ta hamsin da bakwai. A mako na ƙarshe kuma ka rubuta cewa za ka bar babban tsibirin ka haye Anjuwan a jirgin ruwa, ka kai wa ƙanwar maƙwabcinmu Ammu Sa'idu ƙunshin da ya ba ka, sannan ka komo Moroni, babban birninsu, ka hau jirgin sama. Kwana uku ka bar wa kanka tsakanin dawowarka da rufewar ƙofa. A Jidda aka haife ka kamar yadda aka haife ni, amma ni da kai duka baƙi ne a takarda, kuma ranar da ke jikin bizar nan babu ruwanta da inda aka binne cibiyar mutum.

Ku yara abin da kuka sani shi ne na je Damagaram ina saurayi, na daɗe, na dawo da mahaifiyarku. Haka muke faɗa a gida, kuma ba ƙarya ba ne. Amma ba neman aure ne ya tsayar da ni ba. Kuskurena ne, kuma yau zan gaya maka yadda na yi shi, tun da na ga ka kama hanyar yin irinsa.

Ina da shekara ashirin da bakwai a lokacin, ina aikin tafinta a ofishin wani mai hidimar alhazai, wanda shi ne kafilina. Da aka gama aikin hajji na wata shekara, alhazai suka watse, sai Baba ya ce ya kamata in je in ga garinsu, in gaida ƙaninsa, tun da shi ƙafa ta fara ƙi masa. Aka buga mini bizar wata biyu a fasfo. Kafin mako ya zagayo labari ya karaɗe unguwa. A wancan zamani babu waya a hannun kowa, wanda zai je ƙasar Hausa shi ne gidan waya. Mata suka riƙa yin sallama da ƙunshi: dabino, kwalli, tasbaha, zobban azurfa, gorunan zamzam da aka liƙe bakinsu, da kaset-kaset da aka yi magana a ciki domin dangin da ba su iya karatu ba. Ban iya ce wa kowa a'a ba. Duk wadda ta shigo, ko ta goya ni ina jariri, ko na ci tuwon gidanta. Na tashi da akwati huɗu, ɗaya kaɗai ne nawa. Baba yana zaune a tabarma yana kallon ana ɗaure su, abin da ya ce kawai shi ne, "Musa, su za su koma gidajensu, kai za ka ɗauka."

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma a nan ka fi ni. Mahaifiyarka ta gaya mini mutum shida suka zo maka da saƙo, ka ɗaga musu jakar ka ce su duba da idonsu inda zai shiga, suka yi dariya suka koma da kayansu ba wanda ya yi fushi. Na Ammu Sa'idu kaɗai ka karɓa, shi ma don ya miƙo maka a gabana. Ka riƙe wannan hali. Ƙin karɓar amana tun a bakin ƙofa ba rashin kunya ba ne. Amma wadda ka riga ka karɓa ta hau wuyanka, ba kuma zan ce ka ajiye ta ba.

Da na sauka Kano sai na yi kuskure na biyu. Na fito cikin farar jallabiya mai guga, ina ƙamshin turaren wuta, mutane suna ce mini ɗan Makka, sai abin ya yi mini daɗi fiye da kima. Maimakon in je tasha in shiga motar da kowa ke shiga, sai na yi shatar mota ni kaɗai da akwatunana har Damagaram. A can ma haka na ci gaba. Ba na zama a bayan babbar mota, ba na cin abinci a bakin tasha, duk inda za ni sai an nemo mini abin hawa na musamman. Ni da a Jidda nake tsayawa a rana ina jiran bas kamar kowa. Guzurina ya narke da wuri, amma ba wannan ce babbar hasara ba. Babbar hasarar ita ce na yi mako shida a ƙasar ban san yadda mutanenta suke tafiya ba. Ban san wace mota ke zuwa wane gari a wace rana ba, ban san abin da damina ke yi wa hanya ba, domin ban taɓa zama kusa da waɗanda suka sani ba.

Saboda haka tafiyar taka ta ƙaramin guzuri ba ta ba ni kunya, ta ma kwantar mini da hankali. Ka shiga motar haya ta jama'a a matse ka da mai kaji da mai kifi. Ka ci inda direbobi ke ci, nan abinci ya fi zafi, labari kuma ya fi gaskiya. Abin da wayarka za ta gaya maka game da lokacin tashin mota ko jirgin ruwa, ka ɗauke shi a matsayin ra'ayi, ka je ka tambayi matar da ke sayar da abinci a bakin tashar, ita ce take ganin tashinsa kullum. Mutanen can Musulmi ne, kuma na yi wa alhazansu hidima shekara da shekaru, na san halinsu. Da zarar sun ji daga Jidda kake za su ɗauka kai attajiri ne kuma malami. Za su tura ka gaba a sallah, za su kawo maka yara ka yi musu addu'a. Ni an yi mini haka, na karɓa kamar haƙƙina ne, alhali karatuna bai kai na ladanin garin ba. Kai ka gaya musu gaskiya cikin ladabi: nitso kake koyarwa, kuma a ɗakin haya mai gado shida kake kwana. Za su fi sakin jiki da kai.

Akwai kuma kunyar harshe. Hausata a lokacin rabinta Larabci ce. In na ce halas ko yalla sai 'yan matan gidan baffana su rufe baki da gyale suna dariya, Faransanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Sai na zaɓi yin shiru, aka ɗauka nutsuwa ce irin ta masu ilimi. Tambayoyi da yawa da ya kamata in yi ban yi ba, don kada a ji kuskurena. Kai ka yi magana ko ta fito a karye. A yi maka dariya a gyara maka, za ka wuce da abin da ka nema.

Yanzu ga babban kuskuren. Saƙonnin cikin gari na raba su a makonnin farko, kowane gida da walimarsa. Sai ya rage ƙunshi ɗaya, na Hajiya Gambo, wata tsohuwa da ke ƙarshen layinmu a nan Jidda, wadda ta zo hajji tun tana amarya ba ta koma ba. Ƙunshi ne mai laushi, ba nauyi, an ɗinke shi cikin farin buhu. Na yayanta ne, Malam Ilu, a wani ƙauye can bayan Gure. Da yake shi ne mafi nisa, kullum sai in ce gobe. Baffana ya yi mini tayin ya ba wani ɗan kasuwa ya kai, na ƙi, domin Hajiya ta kama hannuna ta ce hannu da hannu. Ban tashi ba sai da ya rage mini kwana goma sha biyu. Ranar ce kuma na fara hawa bayan babbar mota, don ba wata da ke shiga ƙauyen sai ita, ita ma ranar kasuwa kaɗai. Niyyata in miƙa saƙo da hantsi, in biyo motar da la'asar.

Na iske Malam Ilu a ƙofar gidansa yana tufkar igiya, tsoho ne dogo mai ƙarfi, haƙoransa duka suna nan. Ya farke ɗinkin a gaban maƙwabta. Farin yadi ne a ninke, likkafani, wanda ƙanwarsa ta jiƙa da ruwan zamzam ta shanya, kamar yadda tsofaffinmu ke yi wa wanda suke ƙauna. Tsohon ya shafa yadin, ya sansana, ya ɗora a kansa, sai kuma ya fashe da dariya.

Ya ce, "Gambo ke nan. Tun muna yara ita ce mai gaggawa. Ka gaya mata na karɓa na gode, amma ta yi mini haƙuri, ban shirya ba tukuna."

Aka yi ta dariya, aka kawo fura. Da na ga rana ta karkata na nemi izinin tafiya, sai ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ɗana, mutum ya ɗauko mini likkafani tun daga Makka, ya juya bai ci naman gidana ba? Me zan ce wa garin nan?" Kafin in buɗe baki an riga an kayar da rago.

Ina zaune a tabarma na ji motar ta yi ham sau uku a bakin kasuwa, na kuma ji tashinta. Da na miƙe a lokacin na ba tsohon haƙuri na nuna masa fasfo, da ya yi fushin yini ɗaya ya huce. Kunya ta hana ni. Na ce a raina kasuwa za ta sake ci bayan kwana bakwai, akwai sarari. Ba zan ɓoye maka ba, makon nan yana cikin mafi daɗin kwanakin rayuwata. Gero ya kai kafaɗa, ko'ina kore shar, ni da na tashi tsakanin siminti da teku ban taɓa ganin haka ba. Na bi su gona, na sha nonon da aka tatsa a gabana, tsohon yana ba ni labarin Baba yana yaro, domin ashe sun san juna.

Ana jibi kasuwa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Korama ta cika ta raba hanya, motar ba ta zo ba. Duk ƙauyen sun san haka takan faru a wannan wata, ni kaɗai ne ban sani ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa cewa kwanakina ƙidayayyu ne ba. Da na faɗa, Malam Ilu ya tafa hannu ya ce don me ban yi magana tun ranar farko ba, da shi da kansa zai ɗora ni a motar da ƙafar ragon a hannuna. Ya sa aka ɗaura wa shanu amalanke, muka yi kwana biyu cikin laka kafin mu kai babbar hanya. Na isa Kano na tarar jirgin da tikitina ke kai ya tashi jiya, sau ɗaya kuma yake tashi a mako. Na gaba zai sauka Jidda bayan bizata ta mutu.

Mutumin da ke ofishin jirgin bai wulaƙanta ni ba. Ya juya fasfon ya nuna mini ranar da yatsa, ya ce ko ya ɗauke ni, can za a juyo da ni. Na ce masa ai a can aka haife ni, uwata da ubana suna can, ɗakina yana can da littattafaina a buɗe. Ya ce, "Alhaji, ban musa maka ba. Amma ba ni ne mai buɗe ƙofar ba."

Kusan shekara uku na yi a waje. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta faɗi, kafilina ya yi fushi, kuma yana da gaskiya. Sai da aka daɗe ana kai gwauro ana kai mari kafin ya sauko ya nemo mini sabuwar biza. Na koma gidan baffana, jallabiyar ta koɗe, aka daina ce mini ɗan Makka aka koma Musa, wanda hakan ya yi mini amfani ƙwarai. Na samu wata makaranta ina koyar da Larabci, a nan na koyi wannan rubutun boko da kake karantawa. Gidan da ke jikin namu na wani malamin makarantar gwamnati ne, yana da 'ya wadda ba ta rufe baki da gyale in za ta yi mini dariya, a fili take yi, sannan ta gyara mini. Ita ce ta sa maka wannan takarda a jaka.

A shekara ta biyu Baba ya rasu. Labarin bai iso ni ba sai bayan an yi arba'in, a cikin kaset, da muryar mahaifiyata, a hannun wani matafiyi wanda shi bai bar saƙonsa sai ƙarshe ba. Ban yi masa wanka ba, ban ɗauki makararsa ba. Malam Ilu kuwa ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Ya zo ɗaurin aurena a kan jaki, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa kayan tafiyarsa suna nan a akwati, ango ne ya kawo masa.

Ba kuka nake yi maka ba. Na dubi rayuwata daga wannan kujera na ga babu abin da zan ce sai godiya. Ba don wannan makara ba da ban san mahaifiyarka ba, da babu kai, babu yayyenka. Amma kada ka ɗauki wannan hujja. Allah ne ya fitar da alheri daga cikin wautata, karimcinsa ne, ba dabarata ba ce, kuma abin da na rasa a ciki bai dawo ba.

Shekaranjiya na je wurin Ammu Sa'idu muka sha shayi. Ban nemi ya karɓi ƙunshinsa ba, ban ma tambayi abin da ke ciki ba. Hanyar Anjuwan kawai na tambaye shi. Ya ce jirgin ruwan da ke tsakanin tsibiran yakan tashi ne in teku ta yarda kuma injin ya yarda, wani lokaci a jira kwana biyu, wani lokaci fiye. Sannan ya yi dariya ya ce ƙanwarsa kuwa, duk wanda ya zo mata daga wurinsa ba ya fita gidanta sai ya yi mako, domin sai ta zagaya da shi dangi duka. Yana faɗa yana jin daɗi. Ni na ajiye kofina.

To ga abin da nake roƙonka. Ka juya tafiyar. Ka huta kwana biyu a Moroni, sannan ka fara da Anjuwan, tun kwanakinka suna da yawa. Ka miƙa amanar hannu da hannu, ka zauna musu makon da suke so da zuciya ɗaya, ka ci abincinsu, ka bi su gonar kanumfari. Ranar da ka shiga gidan, tun kafin ka sha ruwa na biyu, ka gaya wa mai gidan ranar da za ka tafi da dalilinta. Mai masauki ba maƙiyinka ba ne, in ya san abin da ke wuyanka shi zai fara tashinka. Bayan haka dutsen da kunkurun da duk abin da ka tara wa kuɗi suna nan suna jiranka, ka yi su da sakakkiyar zuciya. Makonni biyun ƙarshe kada teku ta shiga tsakaninka da filin jirgi. Tikitin kuma ka matso da shi, ka bar wa kanka kwana goma, ba uku ba. Na san mako guda ne zan rage maka daga abin da ka yi shekara biyu kana tanadi, kuma na san da zafi.

Za ka ce mini zamani ya canja, yanzu a waya ake ƙara wa biza kwanaki, an kuma sassauta wa wanda ya makara. Na ji haka, ina kuma fatan gaskiya ne. Amma ba kai ne mai danna wayar ba, kafilinka ne, shi ma mutum ne mai tafiye-tafiye da mantuwa da fushi. Ƙa'idoji kuma na ga canjawarsu sau da yawa a rayuwata, ba a taɓa shawartarmu kafin a canja ba.

Sauran ƙananan abubuwa ka fi ni saninsu. Fasfo da iƙama su zauna a jikinka, ba a jaka ba. Kada ka shiga ƙananan kwale-kwalen da ke haye tsakanin tsibirai komai araharsu, kai da kake aikin teku ka san dalili. Ka kwana cikin gidan sauro. Kada ka hau dutsen ba tare da ɗan gari ba. Ka kira mahaifiyarka kowace Juma'a, ka yi mata Faransanci ta ji ko ya gyaru. Ni ba sai ka kira ni ba, zan ji daga bakinta. Amma ka buɗe ido sosai, domin in ka dawo zan tambaye ka komai: launin ƙasar, yadda suke kiran sallah, abin da suke ci da safe, ko gaskiya ne iskar garin ƙamshin fure take yi kamar yadda alhazansu ke gaya mini.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai mahaifiyarka. Da na dawo Jidda bayan shekarun nan, na zauna da kakarka ina ba ta haƙuri. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, Baba ma bai riƙe ni ba. Sannan ta gaya mini cewa ranar da ya kamata in sauka, ya sa babbar rigarsa ya hau bas ya je filin jirgi da ciwon ƙafarsa, ya tsaya har mutum na ƙarshe ya fito. Mako ya zagayo ya sake komawa. Sau biyar ya je kafin takardata ta iso. Kowane zuwa sai ya dawo ya rataye rigar, ya ce mata wataƙila jirgin ya cika ne.

Ni ma yanzu ƙafata ta fara ƙi. In ka canja tikitin ka sanar da mahaifiyarka ranar. Zan sa babbar riga in zo in tarbe ka da kaina, ba zan aiki kowa ba. Sau ɗaya nake so in je, Faisal.

Allah ya yi maka albarka. Ya sauƙaƙa maka hanya, ya kwantar maka da teku, ya sa ka ga abin da ka je gani har ka ƙoshi. Na ba Allah ajiyarka, shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, yayyenka suna gaishe ka. Ka gaida ƙanwar Ammu Sa'idu da mutanen gidanta.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Musa